Sati tara da zoben katako, allura da idon Goggo

 Tun ranar da na ɗora hoton firem ɗin nan mai suna da fulawa saƙonni suke ta shigowa. Wata ta ce a ina na sayi kayan aikin, wata ta ce da nawa ake farawa, wani kuma ya tambaye ni kai tsaye ko sana'ar tana biyan kuɗin makaranta ko dai kwalliyar Facebook ce kawai. Amsa ɗaya bayan ɗaya ta gagare ni, ga jarabawa ta matso, shi ya sa na ce bari na zauna na rubuta komai sau ɗaya kowa ya huta. Rubutun yana da tsawo fa, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye ya dawo daga baya.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar HND biyu ce. Gidanmu yana Gombi, amma tun da na shigo ND nake zaune a Sabon Layi wurin Goggona, yayar babana. Kullum Keke Napep nake hawa zuwa lakca na dawo, kuma duk mai zama cikin gari ya san yadda kuɗin keke ya koma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Babana ɗan fansho ne, mu bakwai ne a gabansa. Yana turo abin da ya sawwaƙa, Allah ya saka masa da alheri, amma kun san tsakanin kuɗin mota, buga takardu, data da firojet, abin da aka turo farkon wata ba ya ganin ranar goma sha biyar. Abin da ya rufa min asiri duk shekarun nan ɗinkin hula ne.

Goggo ce ta koya min. A Bama aka yi mata aure tun tana yarinya, ta daɗe a can kafin mijinta ya rasu ta dawo Mubi, kuma hular Bama kowa ya san ba ta buƙatar talla. Hatta Zanna Bukar ɗin da manya ke kafawa ranar Juma'a daga Borno sunanta ya fito, sunan Zanna Bukar Dipcharima ne, minista a jamhuriya ta farko. Kayan aikin Goggo ba su wuce huɗu ba: allura, zare, guntun reza, sai babban yatsanta na hagu. Haka ni ma na tashi a kai. Mai ba da ɗinki zai kawo ƙyalle an riga an yanka an yi zane, ya haɗo da zare, ki zauna ki cike, ya dawo ya karɓa ya biya ladan hannu. Daga nan a kai wa masu wanki su sa sitaci su ɗora a kan ice ta bushe ta tsaya, sai kasuwa, Maiduguri ko Kano ko a tsallaka da ita Kamaru. Ni idan ana cikin karatu hula ɗaya takan ci min sati uku zuwa huɗu, kuma idan na raba ladan da kwanakin da na yi a kanta, wallahi wani lokacin ko kuɗin keken zuwa makaranta ba ya fita.

Wannan lissafin ne ya sa na fara leƙa YouTube da TikTok ina kallon yadda matan Indiya da Turkiyya ke nasu aikin. Sai ka ga mace ta ɗaure yadi a zobe, ta zana da wani biro, cikin ɗan lokaci fulawa ta fito, ta sa a gilashi ta rataye a bango. Muna da adashi mu takwas 'yan ajinmu, kwasata ta faɗo saura sati tara a rufe rijista. Na zauna na yi ta juya abin a raina kwana biyu, daga ƙarshe na cire kashi ɗaya cikin uku na tura wa wata mai kawo kaya a Kano. Kuɗin rijista ne na taɓa, na sani, kuma na san idan ba su dawo cikin sati tara ba, babu wanda zan kalla na ce ya cika min. Kayan kuma duk na waje ne, dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayu 2023 ta haura 1,500 a Fabrairu 2024, saboda haka ko allura ba ta da araha yanzu.

Bayan kwana shida aka kira ni daga tasha. A cikin kwalin akwai zobe uku, biyu na katako mai inci 6 da mai inci 8, ɗaya na roba. Akwai wata allura mai rami a ciki kamar bututu, biron zane iri biyu, 'yar hular ƙarfe ta yatsa, fitilar da ake ɗaurawa a goshi, zare kala goma sha biyu, sai wasu 'yan ƙananan gwangwanaye guda goma masu siririyar waya a baki, na zura zare a allura. Waɗannan na ƙarshen ma ban yi odarsu ba, gyara aka sako min.

Bari na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na gwada su.

Na farko zobe. Zobba biyu ne, ƙarami yana shiga cikin babba, babban yana da noti a gefe. Ki shimfiɗa yadi a kan ƙaramin, ki danna babban a kai, ki ɗaure notin, ki riƙa jan yadin ta kowane gefe har sai kin buga da yatsa kin ji yana amsawa kamar ganga. Faransawa ma da sunan ganga suke kiran irin wannan zoben, tambour, abin ya ba ni dariya don mu ma ai da'irar nan da ake yi a jikin babbar riga tambari ake ce mata. A kan yadi mai falle ɗaya, kamar rigar matashi ko zanen gado ko gefen mayafi, zoben nan alheri ne. Yadi ba ya tattarewa, ɗinki yana kwanciya daidai, hannun hagu yana hutawa. Fulawar da nake kwana biyu ina fama da ita na gama a zama ɗaya. Na katako ya fi riƙo. Na roban santsi gare shi, yadi ya yi ta zamewa, sai da na naɗe ƙaramin zoben da tsinken tsohuwar atamfa sannan ya kama. Kuma duk lokacin da kika tashi daga aiki ki cire yadin daga zobe, musamman da hunturu. Ƙurar Mubi ba ta da kunya, za ta zana miki da'ira a kan farin yadi wadda sabulu zai sha wahala kafin ya fitar.

Amma a kan hula zobe bai yi ba ko kaɗan. Jikin hula ƙyalle ne mai ninki, ga kauri, faɗinsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba, zoben ba ya samun abin kamawa sama da ƙasa. Kuma ɗinkin hula yana son ki lanƙwasa ƙyallen a kan yatsa, ki soka, ki ja zaren da ƙarfi ramin ya buɗe ya zauna. Ranar da Goggo ta gan ni ina kokawa da shi ta karɓa ta juya shi gaba da baya ta ce, "'Yar boko, wannan rariyar taki ina ragarta? Ko tankaɗen ma yanzu da iska kuke yi?" Ta miƙo min ta ɗaga babban yatsanta ta ce ga nata zoben nan, shekara hamsin bai taɓa neman noti ba.

Na biyu allura mai bututu. Ita ce ta fi ruɗata a bidiyo, ita ce kuma ta fi kowanne tsada a kwalin. Zare yana bi ta cikinta, kina soka yadi ta baya, ta gaba yana fitowa lauje-lauje kamar gashin darduma. Sauri kam akwai, wurin da allurar hannu za ta ci awa uku ita cikin rabin awa ta cike. Matsalarta babu ƙulli ko ɗaya, matsin saƙar yadin ne kawai ke riƙe zaren. Na yi gwaji a kan guntun ƙyalle, na ba ƙaramin jikan Goggo ya ja bakin zaren, layi guda ya warware tas kamar ba a taɓa yi ba. Sai an shafa gam a baya kafin ya zauna, kuma yadi ma sai mai saƙa ta musamman, ba kowanne ke karɓarta ba. To mu da kayanmu ke shan wanki da cuɗa da guga, wa zai sayi matashin da ba a wankewa? Ga ta can a ƙasan akwati. Wadda ke son yin adon bango kawai za ta iya more ta, amma kada ki fara da ita.

Na uku biro. Mai shuɗin yana fita da ruwan sanyi, ɗayan kuma zafi ne ke ɓatar da shi. Dukansu sai da na gwada a kan ƙyalle kafin su taɓa kayan mutane. Mai shuɗin ya yi min, sharaɗinsa ɗaya, ki fara ɗauraye shi da ruwa zalla kafin sabulu ko dutsen guga ya taɓa shi, in ba haka ba yana iya zama daram. Na zafin kuma na zana a ƙyalle na ajiye kusa da dutsen guga na gawayi, kafin na juyo rabin zanen ya tafi. Ku yi tunanin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Amfanin biron nan a wurina ya wuce tsabta. Da can sai na jira mai zane, abin da ya zana shi zan bi. Yanzu ina ɗora yadi a kan fuskar waya da daddare, na ƙara haske, na bi layin suna ko fulawa da kaina, in bai yi min ba na goge na sake.

Na huɗu hular yatsa da fitila. Duk mai ɗinkin hula ta san yadda gindin allura ke huda yatsan tsakiya, har ki kasa riƙe biro a aji. Hular ƙarfen ta yi min nauyi kwana uku na farko, yatsa ya yi ta gumi, daga baya na saba, yanzu in ba ta sai na ji kamar na fita ba takalmi. Fitilar goshi kuwa ita ta ba ni dare. Idan babu wuta da can waya nake cije wa a baki ko na jingina ta da kofi, yanzu inda na kalla nan haske yake. Ina cajinta a makaranta da rana tare da waya. Ƙawayena sun sa min suna mai haƙar ma'adinai, ban damu ba.

Zare kuma, wadda ta turo min ta haɗo da 'yan ƙulli uku na DMC, kamfanin Faransa ne na garin Mulhouse wanda tarihinsa ya koma har 1746. Kowane ƙulli mita 8 ne, silli shida a murɗe, kina raba su ki ɗauki biyu ko uku gwargwadon kaurin da kike so. Kowace kala da lambarta, baƙi 310 ne, saboda haka in ya ƙare kina iya neman irinsa sak. Na jiƙa jansa tare da jan zaren da nake saya a kasuwa, kowanne a kofinsa da farin ƙyalle. Nasu bai zuba ba, ɗayan ya ɗan bar ja-ja. Amma kuɗin ƙulli ɗaya zai saya miki na kasuwa da yawa. Abin da nake yi yanzu, ja da shuɗi mai duhu nake sayen mai tsada in aikin a kan fari ne, sauran kaloli na kasuwarmu sun wadatar, in dai kin jiƙa kin gani kafin ki fara.

Sai maganar firem, wadda ita ce ta dawo min da kuɗina.

Aiki na farko da na sa a gilashi sunan wata 'yar ajinmu ne da na angonta, da fulawa zagaye. Kwana uku na yi shi. Na wanke, na shanya a inuwa, na kifa shi a kan tawul na goge ta baya don kada ɗinkin ya kwanta. Na yanka kwali mai ƙarfi, na fara rufe shi da wani farin ƙyalle, domin kwali in ya daɗe yana sa yadi ya yi rawaya. Na ɗora aikin, na naɗe gefunan ta baya, na ɗaure su da zare mai ƙarfi daga wannan gefe zuwa wancan kamar igiyar kalangu, ina ja a hankali har gaban ya miƙe. Daga nan na kai wa wani mai yin firem ɗin hoto a cikin kasuwa. Shi ne ya koya min abin da ban gani a bidiyo ba. Ya ce, "Ƙanwata, kada gilashi ya taɓa zaren. Damina in ta zo gumi zai taru a ciki, ya yi miki fumfuna." Ya yanka siririn kwali ya zagaye gefen ciki, ya bar 'yar tazara tsakanin gilashi da ɗinki. Allah ya yi wa sana'arsa albarka.

Ranar da na kai firem ɗin aji, kafin malami ya shigo na samu oda huɗu. Amare suna so na ɗaki. 'Yan shekarar ƙarshe suna so su kai wa iyaye. Wata 'yar Michika da muke zama benci ɗaya ta ce na yi mata na mamarta kafin Kirsimeti, wani ɗan Maiha ya ce na sunan jaririyar yayarsa. Wanda kuɗinsa bai kai na gilashi ba sai na bar masa aikin a cikin zoben katako, na gyara bayan, na sa igiyar ratayewa, shi ma yana kyau. Guda ɗaya ya fashe a keke, muka faɗa rami gilashin ya tsage biyu, na sake biya daga aljihuna. Tun daga nan a cikin tawul nake naɗe su na rungume a ƙirji kamar jariri. Cikin sati bakwai na sayar da goma sha ɗaya, na mayar da abin da na cire, na yi rijista saura kwana tara a rufe. Alhamdulillahi. Wanda ya tambaya ko tana biyan kuɗin makaranta, ga amsarka, ta biya na wannan zangon. Na gaba yana hannun Allah, don ba kullum ake biki ba, kuma yanzu haka mutum uku a sashenmu sun fara irinsa.

Amma akwai abin da ya tsaya min a rai, shi ne ma dalilin da ya sa rubutun ya yi tsawo haka. Firem ɗin da na yi cikin kwana uku, ribarsa ta fi ladan hular da nake sati uku a kanta. Kuma ni na san wanne ya fi aiki. Fulawar firem ko 'yar sakandare aka nuna wa sati biyu za ta yi. Cikon hula irin na Goggo, wanda za ki juya bayansa ki rasa inda zare ya fara da inda ya ƙare, ni shekara huɗu ina yi ban kai rabinsa ba. Mutumin da zai tsaya yana ja-in-ja a kan ladan hula shi ne zai biya kuɗin gilashi ko tayi bai yi ba. Ga aikin kwamfuta ya cika kasuwa, inji ya buga hula da yawa kafin mai hannu ta gama gefe ɗaya, mai saye kuma daga nesa ba ya bambancewa. Su wa ke wannan ɗinkin hannun? Zawarawa, tsofaffi, 'yan gudun hijira, matan da ba sa fita, da ɗalibai irina. Ba mu da bakin yanka farashi domin ba mu muke zuwa kasuwa ba.

Da wannan tunanin na je wa Goggo da shawara. Akwai wani jikin hula da ke ƙasan adakarta, an yi kusan kashi biyu cikin uku aka tsaya. Duk gidan mun san labarinsa. Ranar 29 ga Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, tana zaune tana ɗinka wa babban ɗanta shi. Ta cusa shi a ƙugu da allurar a jiki, ta ɗauki jika a baya, suka bi daji da ƙafa tare da dubban mutane. A Yola ta yi watanni a gidan 'yan uwa, ɗinkin hular mutane ne ya ciyar da su. An ƙwato garin a watan Nuwamba, su sai daga baya suka dawo, suka tarar da ɗaki wayam. Wancan na ɗanta ba ta sake taɓa shi ba. Da farko zuciya ce ba ta so, daga baya kuma ido ya ƙi. Shekara biyu ke nan kusan ta ajiye allura gaba ɗaya. Hannunta lafiya lau, ko a duhu ta san inda za ta soka, amma kafar allura ta ɓace mata. Sai ta jira jika ya dawo daga Islamiyya ya zura mata, zare ya ƙare ta sake jira, ita kuma mace ce mai kunyar yawan kira. A hankali ta bari, ta ce ta tsufa.

Na ce mata, "Goggo, ki ba ni wannan na sa miki a gilashi mu rataye a falo. Tarihi ne, kowa ya shigo ya gani." Ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Hular Babangida zan rataye a bango? Bango yana zuwa masallaci ne?" Na yi shiru. Ta ce abin da aka fara don kai, a kai zai ƙare, in ita ba ta gama ba wata ta gama bayan ranta.

A daren ne na tuna da 'yan gwangwanayen nan na gyara, waɗanda ko buɗe ledarsu ban yi ba don ni idona garau. Yadda suke aiki, siririyar wayar tana da ɗan tauri, ita ake turawa cikin kafar allura, ta buɗe ta ɗaya gefen kamar babbar ƙofa, ki sa zare a ciki ki jawo. Zare laushi gare shi, sai an gani ake zura shi, waya kuwa ana iya lalubawa da yatsa. Na nuna mata sau biyu. Ta karɓa, ta laluba, ta kuskure, ta sake, a karo na huɗu zare ya wuce. Ba ta ce komai ba. Ta zare shi ta sake zurawa, ta sake zarewa, har sau biyar, kamar mai tabbatar da kuɗi. Sannan ta ce na miƙo mata fitilar tawa ta mahaƙa.

Biyu sun tsinke mata a satin farko, wayar ba ta da ƙwari, sai na ɗiga gam a gindin sauran inda wayar ta haɗu da gwangwanin, suka daina cirewa. Yayana Babangida ya kai ta asibiti aka auna idon aka ba ta tabarau, likita ya ce yawancin mutane daga shekara arba'in gani na kusa yake fara raguwa, kuma da yawa tabarau kawai suke buƙata. Wata ɗaya da 'yan kwanaki ta gama hular. Zaren da ta ƙarasa da shi bai yi daidai da na 2014 ba, tsohon ya ɗan koɗe, in ka matso za ka ga inda aka tsaya da inda aka ci gaba. Ta ce a bar shi haka. Juma'ar da ta wuce ya kafa ta ya tafi masallaci, mutum mai 'ya'ya biyar yana tafiya yana taɓa kai kamar yaro ranar Sallah. Yanzu ta karɓi sababbi biyu, kuma ta ce wannan karon ba ta hannun mai ba da ɗinki za su bi ba, na ɗauki hoto na sa a waya kamar yadda nake sa nawa, ita za ta faɗi kuɗinta.

To ga masu tambayar da me za su fara, ga abin da zan ce. Zoben katako ɗaya mai inci 8, allura masu kyau, biro mai fita da ruwa, hular yatsa, zaren kasuwa da kika jiƙa kika gwada. Wannan ya isa, sauran sai riba ta fara shigowa. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki yanka yadi, ko ƙawarki ce ta ƙut da ƙut, domin aikin da aka rubuta sunan wani a kai ba ya sayuwa ga wani. Ki rubuta awannin da kowane aiki ya ci, da shi za ki san ko riba kike ci ko wahala. Sati biyu kafin jarabawa ki rufe karɓar oda, karatun ne ya kawo mu. Maza ma kada ku ce aikin mata ne, aska takwas ɗin da ke jikin rigunan sarakuna maza ne suka daɗe suna yin ta a zaurukan Zariya da Kano kafin mata su shigo ciki. Masu karɓar dubu 20 na NELFUND duk wata, na wata ɗaya zai iya kafa ku in kun daure.

Kuma don Allah in kuna da tsohuwa ko tsoho a gida da ya ajiye allura ya ce tsufa ne, ku tambaye shi a hankali ko hannun ne ko idon. Abin zura zaren nan kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ɗaya a makaranta ba. Ina da guda biyar da suka rage, wanda ke cikin Mubi ya yi min magana na kawo masa aji kyauta, wanda ya riga shi ya samu. Masu son hular Goggo kuma ku yi haƙuri da farashin, na gaya muku yadda ake yin ta.

Na rufe karɓar firem sai bayan jarabawa. Allah ya ba mu sa'a gaba ɗaya, ya sa mu gama lafiya, ya ƙara wa Mubi zaman lafiya. Wanda ya karanta har nan ya sa Goggo a addu'a.